Wayar da ke Cikin Bango

Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin kuwa, ko kin ajiye shi a kan kanta yana yi miki ado? Ni dai lafiya lau, in ban da tsufa da ya fara leƙo ni ta gwiwa. Malama tana can wurin 'yarmu tana renon jika, saboda haka gidan daga ni sai littattafai, su kuwa ba sa gaida kowa.

Kada ki firgita da ganin rubutun hannuna, ba wasiyya ba ce. Kwamfutata ce ta kamu da farfaɗiya. Sau biyu ina rubuta miki dogon saƙo tana haɗiye shi. Waya kuma kin san ni, minti uku kunnena ya ɗauki zafi, ke kuwa a minti uku ko gaisuwa ba ki gama ba. Shi ya sa na koma ga biro, direban nan da ke zuwa wajenku zai riƙa kawo miki.

Ga yadda ciwon yake. Ina tsakiyar aiki sai allon ya yi baƙi ƙirin, fankar cikinta ta yi shiru. Can sai ta yi 'yar ƙara sau ɗaya ta tashi da kanta, kamar matar da ta yi gyangyaɗi a taro ta farka tana gyara ɗankwali. Akwatin intanet da ke gefenta shi ma tare suke suma. Fitilunsa huɗu su mutu, sannan su dawo ɗaya bayan ɗaya cikin yanga. Maɗaba'a ta ba ni wani littafin kiwon kaji mai shafi ɗari uku in gyara masa rubutu, marubucin kuwa da alama waƙafi ya taɓa yi masa laifi. Shafi na ɗari biyu da sha biyu kaɗai sau huɗu ina gyara shi tana zubar min da aikin. Yanzu na san murar kaji fiye da kajin.

Ba abin da ban gwada ba. Na buɗe ta na hure ƙura. Na sake mata waya. Na sa aka bincika ko cuta ta ɗauko a intanet, aka ce fes take. Na kira kamfanin intanet, wata baiwar Allah mai murya kamar zuma ta ce in kashe in kunna. Na ce mata ai wannan ɓangaren ita da kanta take yi, ba ta buƙatar taimakona. Daga ƙarshe na kinkime ta zuwa wurin Mai Gyara, wani dattijo sa'ana da ke ɗaure tabaransa da zare. Kwana uku ta yi a shagonsa tana aiki, ko tari ba ta yi ba. Ya ce lafiyarta ta fi tawa. Amma ya ce ruwa ba ya tsami banza, in sami takarda in riƙa rubuta lokacin duk da ta mutu da abin da nake yi a sa'ar.

Sai maganar Yaya. Na ji saƙonki cewa wata biyu ke nan ba ya ɗaga wayarki sai jifa-jifa, in ya ɗaga ma ya ce lafiya ya kashe, kuma kina so in leƙa shi. Auta, kin san yadda muke. Shekara shida ke nan da rasuwar Inna da raba gidan nan. Ƙofarsa tana kallon layin baya, tawa tana kallon titi. Ƙofar tsakiya da ta haɗa mu, shi ya kira kafinta ya buga mata katako ta ɓangarensa. Ni ban toshe komai ba. Wanda ya rufe shi zai buɗe. Ina zargin halin nasa ne ya motsa, kin san Yaya in ya so yin fushi ko da inuwarsa sai ya yi. Na san matarsa ta rasu, yaransa kuma sun yi nisa, ba sai kin tuna min ba. Amma mutum ne babba, yana da baki.

Na koma kan takardar Mai Gyara. Kwana biyar ina rubutawa, kuma ga abin da ya hana ni sukuni. Ba ruwanta da abin da nake yi, ko rubutu ko karatu ko zaman banza. Lokaci take bi. Bakwai da minti sha ɗaya na safe. Ɗaya da minti sha ɗaya. Shida da minti sha ɗaya na yamma. Kullum haka, ba daɗi ba ragi. Na san wannan sha ɗayan daga wani wuri, yana kan harshena kamar sunan tsohon ɗan ajinmu, ya ƙi fitowa.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa min kan yara.

Yayanki,
Mai Jan Biro


Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Ban jira amsarki ba, don akwai tambayar da ba za ta iya jira ba. Amma bari in zo miki da ita a tsare.

Ranar Alhamis ina zuba ruwan zafi a kofi sai abin ya faɗo min. Agogon Inna. Ke kika yi jinyarta, kin fi ni sani. Likita ya ce ta sha magani ƙarfe bakwai da ɗaya da shida. Agogon bangon ɗakinta kuma yana baya da minti sha ɗaya tun muna yara. Na taɓa hawa kujera zan gyara shi ta buge min hannu, ta ce ita da agogonta sun fahimci juna, in je in gyara littattafaina. Da agogon ya buga sai ta tsoma hita a jug, don ruwan sanyi yana taɓa mata haƙori. Na tsaya da kofin a hannu har ruwan ya huce.

Ni mutum ne da ya karanta littattafai da yawa, har da waɗanda ba su cancanta ba, saboda haka na yi wa kaina dariya na je na ɗauko Mai Gyara. Ya zo ɗaya saura. Ya tsoma bakin na'urar awonsa a soket ɗin da ke bayan teburina, muka zauna muna kallon allura kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ɗaya da minti sha ɗaya allurar ta rusuna. Kwamfuta ta mutu, akwatin intanet ya bi ta.

Sai ya ce in nuna masa babban makunnin gidan. Ya ja shi ƙasa. Firij ya yi shiru, fankar falo ta tsaya, ko'ina ya mutu. Muka dawo ɗakin karatuna, sai ga fitilar tebur tana ci abinta. Auta, da rana tsaka ne, taga a buɗe, ana jin masu talla a titi, amma ban taɓa ganin fitila mai tayar da tsikar jiki irin wannan ba.

Mai Gyara ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba, ya tsaya, ya tambaye ni mene ne a bayan nan. Na ce ɗakin mahaifiyarmu ne, ya faɗa ɓangaren wana. Ya ce to ai shi ke nan, kura da shan bugu. Da aka raba wutar gidan an manta da wannan soket, har yau daga wancan ɗakin yake sha. Wayar ta tsufa kuma siririya ce. In aka jona abu mai cin wuta a can, kamar hita, sai ya zuƙe komai, tawa baiwar Allah ta suma a nan. Ya ce aikin minti goma ne, zai janyo min sabuwar waya daga baranda ya kashe tsohuwar.

Wato shekara shida ina gaba da mutum ina karatu da wutarsa. Ki yi dariyarki, na yafe.

Na ce wa Mai Gyara ya bari sai wani lokaci. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ya ga masu son kwamfutarsu da yawa, amma bai taɓa ganin mai son ciwonta ba. Ya tattara kayansa ya tafi.

To ga tambayar. Ranar da kika ce kada kowa ya taɓa kayan Inna, ke kika sa wa ɗakin kwaɗo da hannunki, kika jefa mabuɗin a jaka. Yana nan wurinki? Kin taɓa ba Yaya, ko kin sa an yanka masa wani? Kada ki amsa da ka. Ki tashi ki buɗe jakar ki duba, ki taɓa shi da hannu, sannan ki rubuto.

Gaisuwa ga mutanen gida.

Yayanki


Litinin

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ƙaramin naki sannu da zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso. Na gode da shafi biyu na faɗa, na lura hannunki ya fara kama da na Inna, bakinki ma haka. Zumunta a ƙafa take, girman kai rawanin tsiya, duk na karanta. Layi ɗaya nake nema kuma na same shi a ƙarshe: mabuɗin yana cikin jakarki, ba ki taɓa ba kowa ba.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi da furfurata ba. Na janye teburin, na kafa kunne a bango. Da kwamfutar ta mutu na ji komai. Ruwa yana tsuwa kafin ya tafasa. Kofi ya sauka a kan faranti. Cokali ya zagaya sau uku. Sai takun tafiya, ƙafa ɗaya tana sauka, ɗaya ana jan ta a ƙasa. Kin tuna wace ce ke jan ƙafar hagu a ɗakin nan. Yaya kuwa tun yana saurayi tafiyar soja yake yi, daga bakin layi ake jin isowarsa. Na zauna a ƙasa na jingina da bangon, na daɗe ban tashi ba.

Amma cikin makon nan lissafin ya fara karkacewa. Bakwai da sha ɗaya ta zama bakwai da rabi. Ranar Juma'a ta rana ba ta zo ba sam. Jiya da yamma kwamfutar ta mutu sau uku a jere cikin minti ɗaya, kamar ana cusa filogi yana zamewa. Da farko daɗi na ji, don matattu ba sa makara. Mai rai ne a ɗakin, kuma mai rai ɗaya ne a wancan ɓangaren. Daga baya daɗin ya gudu. Shekara talatin ina cin abinci da karanta kuskuren mutane, na san bambancin kuskuren ganganci da na hannun da ya gaji. Wannan na gajiya ne.

Na zagaya layin baya, kada ki ce ban yi ba. Ƙofarsa a rufe, ganye ya taru a gindinta. Mai shagon kusurwa ya ce kullum da safe yana rataya masa burodi da madara a jikin ƙofa, amma ya fi wata bai ga fuskarsa ba, murya kawai yake ji daga ciki. Ya tambaye ni ko ni wani nasa ne. Na ce maƙwabci ne. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya a iska, na mayar da shi aljihu na dawo gida.

Kin daɗe kina tambayar abin da ya haɗa mu, muna ce miki rabon gida ne. Ba shi ba ne. Bayan rasuwar Inna, Yaya ya rubuta tarihinta a littafin makaranta, shafi arba'in da hannunsa, shi da ko wasiƙa ba ya rubutawa. Ya turo ƙofar tsakiya ya miƙo min, ya ce in karanta. Karanta ya ce, Auta. Ni kuwa na ɗauki jan biro. Na kwana biyu a kansa, ban bar layi ɗaya da lafiyarsa ba. Akwai inda ya rubuta cewa Inna ta goya shi ta yi tafiyar yini guda zuwa asibiti, na ja layi na rubuta a gefe cewa wannan bai faru ba, a mota aka kai shi. Ban ma zo duniya ba a lokacin. Na mayar masa ina jiran godiya. Ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, ya rufe. Washegari na ji gudumar kafinta.

To yau na yi wata wauta. Na yi tunanin cewa waya hanya biyu gare ta. In hitarsa tana sumar min da kwamfuta, to abu mai cin wuta a nan zai rage hasken ƙwan ɗakin can. Da la'asar na ɗauko dutsen gugar Malama na jona a soket ɗin. Na kunna na kashe, sau uku, na zare. Na tayar da kwamfuta na zauna ina jin kunyar kaina.

Minti huɗu ba komai. Sai ta mutu. Ta fara tashi, ta sake mutuwa. Ta fara tashi, ta mutu ta uku. Ƙarfe huɗu da rabi, ba lokacin maganin kowa ba.

Shekara shida, wannan ce hirarmu ta farko. Ban san me na ce masa ba, ban san me ya amsa ba. Ki ba ni 'yan kwanaki, zan nemi bakin zaren.

Naki,
Mai Jan Biro


Laraba da yamma

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan yaron ya warware. Direba yana jira, ba zan tsawaita ba.

Kwamfuta ta warke. Tun safe take aiki kamar sabuwa. Bakwai ta wuce, ɗaya ta wuce, shida ta wuce, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Intanet yana gudu kamar ruwan famfo. Na gama littafin kaji na tura wa maɗaba'a, har sun amsa da godiya. Abin da na yi wata biyu ina roƙo ke nan.

Na jona dutsen guga sau uku da rana, na sake da yamma. Shiru. Na kafa kunne a bango, ba abin da nake ji sai agogo, wanda ban taɓa lura ana jin sa daga nan ba.

Wataƙila hitar ce ta ƙone. Wataƙila ɗansa ya zo ya ɗauke shi. Wataƙila ya tuna yana fushi da ni. Na jera dalilai bakwai masu kyau a takardar Mai Gyara, kowanne ya fi ɗan'uwansa hankali. Gobe in Allah ya kai mu zan zagaya in ƙwanƙwasa, in na yi wanka na shirya abin da zan ce.

Yayanki


Asabar

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma hankalinki ya ɗan kwanta bayan wayar da na yi miki. Yaya yana da rai, yana gane mutane, wannan na faɗa miki. Sauran ba na waya ba ne, ga shi.

Ranar Alhamis na tashi da niyyar zagayawa, amma kin san ni. Na yi wanka, na sa kaya, na ce bari in duba ko maɗaba'a ta aiko da wani abu. Gaskiyar ita ce neman abin da zai riƙe ni nake yi. Na zauna ina jera kalmomin ban haƙuri a kaina, ina cire wannan ina sa waccan. Da an bar ni, da har azahar ina nan.

Bakwai da minti sha ɗaya daidai kwamfutar ta mutu. Na yi ajiyar zuciya, na ce ashe lafiya. Ta yi ƙararta ta tashi, kafin allon ya gama haske ta sake mutuwa. Ta tashi, ta mutu. Fitilar tebur tana rusunawa tana miƙewa. Na ƙirga har sha huɗu, abin bai tsaya ba. Ba irin na hannu mai rawa ba ne, a tsare yake zuwa, tazara ɗaya, kamar yadda ake buga ƙofar yaron da ya makara.

Ban zagaya ba. Na ɗauki guduma na nufi ƙofar tsakiya, na ture kabad ɗin da na jingina mata. Na ɗaga gudumar ke nan kafaɗata ta taɓa ƙofar, sai ta motsa. Turawa ɗaya na yi ta buɗe. Katakan suna jingine a bango a jere, ƙusoshin an tara su cikin gwangwani. Guda ɗaya ne ya rage, na can sama, yana reto da ƙusa ɗaya. Nan ne hannunsa bai kai ba. Ban san tun yaushe yake cire su ba, da hannu ɗaya, ni ina wancan gefen ina gyara wa kaji waƙafi.

Kwaɗonki yana nan a kulle yadda kika bar shi. Ƙarfen da aka maƙala shi ne Yaya ya kwance gaba ɗaya, ya ajiye sukurorin a faranti. Ɗakinsa na sama ne, ƙafar ta daina hawa matakala, shi ne ya sauko ɗakin Inna. Ya tayar da agogon, ya sa shi baya da minti sha ɗaya yadda ya san shi, da shi yake shan nasa maganin.

A ƙasa na same shi, tsakanin gado da ƙofa, idonsa a buɗe, leɓensa a bushe. Ya rame, Auta, ki shirya zuciyarki. Na durƙusa na tallabo kansa na kira shi Yaya, kalmar ta fito min da ƙyar kamar tsatsa ta ci ta. Ina riƙe da shi na ɗaga ido wajen soket. Ba komai a jikinsa. Hitar tana rataye a ƙusa, an naɗe wayarta tsaf, a bushe. Daga baya na taɓa ta, sanyi ƙalau. Ina durƙushe a wurin na ji ƙarar kwamfutata ta cikin bango, tana tashi. Sau ɗaya. Daga nan ba ta ƙara ba.

Mai shago ya taimaka muka kawo shi asibiti. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, sau biyu. Ta farko ƙarama ce, wajen wata biyu da suka wuce, ita ta taɓa ƙafa da hannun hagu, ya je wani ƙaramin asibiti shi kaɗai ya karɓo magani bai gaya wa kowa ba. Ta biyu ranar Laraba da sassafe. Yini da kwana ya yi a ƙasa. Ta ce da an ƙara rabin yini da ba wannan maganar muke yi ba. Ta tambaye ni inda nake zaune, na ce bango ɗaya ne tsakaninmu. Ta ci gaba da rubutu, na gwammace ta zage ni.

Jiya Mai Gyara ya zo duba shi, na ja shi gefe na ba shi labari. Ya ce abu ne mai sauƙi, tsohuwar waya in ta sha zafi takan saki a mahaɗa, ta riƙa taɓawa tana saki. Na ce na yarda, amma me ya sa sakakkiyar waya za ta jira bakwai da minti sha ɗaya. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, sannan ya ce shi kwamfuta yake gyarawa.

Yau da safe bakin Yaya ya ɗan saki. Maganar tana fita a karkace, sai na sunkuya nake ji. Na fara zancen littafin nan nasa, ya girgiza kai, ya ce in bari. Na tambaye shi dutsen guga. Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ya ce da ƙwan ɗakin ya fara ƙifta masa ido ya san ni ne, don duk duniya ba wanda zai gaida wansa da wutar lantarki sai ni. Sai na tambaye shi safiyar Alhamis. Ya ce ba shi ba ne, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Ya ce yana kwance ya ji agogo ya buga bakwai, sai ya ji ruwa ya fara tsuwa a bayansa, shi kuma ba halin juyawa. Na ce lallai ya ji tsoro. Ya ce a'a, kunya ya ji, don Inna ta zo ta tarar da ƙofar tsakiya a rufe.

Ban ce masa ƙishirwa ce da zazzaɓi ba. Ban gyara masa komai ba.

In an sallame shi wajena zai dawo, Malama ma tana hanya. Na kira yaransa, babban zai iso jibi. Ke kuma ki taho, kada ki jira sai yaron ya koma makaranta, ki zo da shi. Sau biyu yana tambayar ki. A kan gwiwa nake wannan rubutu, don tun azahar ya kama min hannun hagu da hannunsa mai lafiya, ya yi barci bai saki ba, ni kuma ba zan zare ba.

Ki gaida maigidan. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki ƙarami